Galadima Barmo da Kaura Jatau a Mashigin Warau

A zamanin da Sarki Mayana ɗan Dambo yake bisa gadon Daguma, akwai waɗansu tsofaffi biyu a majalisarsa da duk birnin ya san ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, kuma ba su taɓa wuni ba su ga juna ba. Ɗaya shi ne Galadima Barmo, gajere mai kauri, wanda ke ɗingishi tun ranar da kibiya ta shige masa ƙugu yana saurayi. Ɗayan kuwa Kaura Jatau, dogo siriri mai ido ɗaya, wanda ya ja rundunar Daguma a zamanin Sarki Dambo, har tsufa ya sa ya ajiye takobin yaƙi, aka bar masa sunan sarauta da wurin zamansa a fada. Rana ɗaya suka fara fita yaƙi, suna 'yan samari masu ɗaukar wa manya garkuwa. Tare suka ci ƙasashe, tare suka yi gudu ranar da gudu ya kama, tare suka haƙa wa abokansu kaburbura da bakin mashi. A gaban mutane Galadima da Kaura suke kiran juna. In sun keɓe kuwa, Jatau ya ce Gurgu, Barmo ya ce Makaho.

Abin da suka fi musu a kai shi ne yaƙin kansa. Jatau yana ganin namijin da bai taɓa kwana a sansani ba bai san kansa ba tukuna, kuma duk wani abin kirki da ke jikinsa, haƙuri ne ko riƙon amana, a bayan garkuwa ya koye shi. Barmo ya ce shi dai ya duba iyakar dubawa, bai ga abin da ya samo ba sai ƙugu mai ciwo da sunayen matattu cike da kai, kuma da an bar su sun yi noma da sun koyi haƙurin nan a gona ba tare da an binne kowa ba. Sun yi wannan musu a zaure, sun yi shi a hanyar masallaci, har matansu suka daina jin sa.

Yaƙin Kurzuma ne kaɗai ya haɗa bakinsu, domin su biyun ba su goyi bayansa ba. Kurzuma wani dutse ne a ƙetaren Kogin Warau, mutanensa ba su da yawa amma ba a taɓa cinsu ba, kuma a gindinsa maƙeran Daguma ke haƙo tama tun kaka da kakanni. Shekarar da aka naɗa Mayana rigima ta tashi a bakin ramukan, aka rasa rayuka, Sarkin Dutse, mai mulkin Kurzuma, ya hana kowa haƙa. Da Dambo na raye, da ya aika da dattijo da goro da gishiri an sasanta. Mayana kuwa saurayi ne, sabon rawani, ya ɗauka ana gwada shi ne. Ya tura runduna ƙarƙashin Barde Tunau, sa'ansa kuma abokin wasansa. Rani ya wuce, wani ranin ya zo ya wuce, dutse na nan inda yake, kuma kowace shekara waɗanda ke komowa ba su kai waɗanda suka tafi ba.

Barmo na son Sarki son da uba ke wa ɗa. Shi ya fara ɗora shi a kan doki, shi ya share masa hawaye da bakin alkyabba ranar da dokin ya kayar da shi. Saboda haka duk maganar da zai yi a kan yaƙin sai ya tauna ta sosai, don kada yaron ya ji an tozarta shi a gaban bayinsa. Amma da bazara ta kama, shamuwa ta sauka a kan rimin ƙofar fada, aka fara raɗe-raɗin ba za a dawo da runduna shuka ba bana, sai ya ga lokacin taunawa ya wuce.

Ranar majalisa, da hantsi, aka buga babban tambari don a taru, bugun farko fatar ta tsage. Fadawa suka dubi juna. Limamin fada ya ce zafin bazara ne ya busar da ita, a bar zancen, amma shi kansa sai da ya daɗe yana motsa baki da addu'a kafin ya zauna.

Sarkin Fada Nomau ya fara magana. Mutum ne mai tsabta, mai daɗin baki, wanda ya tashi a cikin fada bai taɓa ƙetare Warau ba, amma ba wawa ba ne, kuma yana son Sarki iyakar saninsa. Ya ce 'yan leƙen asiri sun tabbatar rumbunan Kurzuma sun kusa ƙarewa. In aka ɗage sansani yanzu, mutanen dutse za su sauko su yi noma su cika su, wahalar shekaru ta tafi a banza. Ya nemi a bar runduna ta yi damina a can, a kuma ƙara ɗebo namiji ɗaya daga kowane gida.

Barmo ya gyara zama, ya yi jinjina.

"Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa Zaki lafiya. Sarkin Fada ya ba mu labarin rumbunan Kurzuma, ni kuwa na Daguma na sani. Na zaga ƙauyuka, na ga tsofaffin mata suna sassabe, na ga gonakin da ƙaya ta cinye saboda masu su suna gindin dutse. Namiji ɗayan nan da ake so, a gidaje da yawa shi kaɗai ya rage. Na yi wa mahaifinka yaƙi har na bar masa ƙuguna, ban taɓa yin ƙorafi ba. Amma duk yaƙin da ya kai mu, mun san abin da za mu yi ranar da muka ci. Wannan fa? In mun ci dutsen, wa zai zauna a kansa? Tama muke so, ranka ya daɗe, kuma za a iya samunta da baki. A dawo da yaran nan su yi shuka."

Sarki ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin hannun rigarsa, abin da yake yi tun yana ƙarami in an yi masa faɗa. Nomau ya ce cikin ladabi tsufa kan sa zuciya ta yi laushi, kuma ba laifi ba ne. Nan Jatau ya harzuƙa. Ya juyo da idonsa ɗaya ya ce Sarkin Fada ya buɗe riga ya nuna wa majalisa tabo ko ɗaya ne, in ba shi da shi kuwa, ya bar zancen yaƙi ga waɗanda suka san warinsa.

Nomau bai yi fushi ba. Ya ce, "Kaura, in da tabo ake auna shawara, da jakunan da ke kai wa sansani hatsi sun fi mu duka cancantar zama a nan." Waɗansu suka yi dariya ciki-ciki. Barmo bai yi ba, amma a ransa ya san akwai gaskiya a maganar, domin ya ga jarumawa masu tabo har wuya waɗanda suka kai mutane ga halaka. Sarki ya ce ya ji kowa, zai yi tunani, aka tashi.

Bayan wannan Barmo ya riƙa jin ana cewa an ga dokin Sarkin Fada a ƙofar gidan Kaura, ba sau ɗaya ba. Ya yi dariya ya ce Nomau na ɓata goronsa. Sai ga shi a majalisa ta gaba an shigo rungume da takobin yaƙi na Daguma, wanda ke rataye a ɗakin Sarki tun ranar da Jatau ya ajiye shi, don ko Barde ba a ba shi ba. Sarki ya ce dutsen ya fi ƙarfin Barde, yana roƙon Baba Kaura ya koma ya gama abin da yara suka kasa. Barmo ya jira ya ji Jatau ya ƙi. Sai ya ga abokinsa ya miƙa hannu biyu, fuskarsa ta yi haske kamar ta ango.

Jatau ya nemi alfarma. Kada a taɓa ko namiji ɗaya a ƙauye sai ya je ya gani ya aiko. Maimakon haka a ba shi tsofaffin da suka yi yaƙi zamanin Dambo, duk wanda zai iya zama a kan dabba, har da Galadima. Sarki ya yi murmushi ya amince. Nomau ma ya amince da sauri, tun da rana ɗaya za ta fitar masa da su biyun daga fada.

Barmo ya tashi ya fita. Ya koma gida ya sa aka fito masa da tsohon lifidinsa na yaƙi, asu ya ci gefe ɗaya, aka ɗaura wa alfadari sirdi domin ƙugunsa ba ya ɗaukar doki. Abin da ke cinsa ba tafiyar ba ce. Ya ɗauka ya san Jatau ciki da waje, ashe akwai wani lungu a zuciyar mutumin da har yanzu ke jiran ƙarar tambari.

Suka fita, tsofaffi masu furfura, wani ba haƙori, wani sai an ɗora shi. Mata suka fito kallo, suna dariya suna share hawaye. A hanya tsofaffin suka koma yara. Ana tuno wanda ya taɓa faɗawa rijiya da dokinsa, ana tsokanar Sarkin Baka Dandada, wanda hannunsa ke rawa in zai sha ruwa amma ba ya rawa in ya ja baka. Barmo ya ga yadda kafaɗunsu suka miƙe, yadda suke raba ɗan guzuri ba mai duban rabon wani, abin ya taɓa shi, ya kuma ji haushin yadda ya taɓa shi. Jatau ya matso da dokinsa ya kira Gurgu, ya kira Galadima, har ya kira Barmo, bai samu amsa ba.

Da suka iso mashigin Warau ruwa bai wuce gwiwar alfadari ba, amma ya yi ja, yana ɗauke da ganyaye da ƙiraren da ba na wurin ba. Su biyun suka dubi ruwan, suka dubi gabas inda hadari ke taruwa, kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya gani.

Abin da suka tarar a sansani ya wuce abin da ake faɗa a fada. Bukkoki sun ruɓe, dawaki sun zama ƙashi da fata, zazzaɓi da kurkunu sun kwantar da mutane fiye da waɗanda kibiya ta kwantar. Samarin da suka fita da kirari suna zaune jugum-jugum, ba mai ƙarfin miƙewa ya gaida Kaura. Barde Tunau ya zo ya durƙusa, ya fara bayani. Jatau ya ɗaga shi ya ce ba shi da laifi. Daga nan ya zaga sansanin da ƙafa, bukka-bukka, yana tambayar kowane yaro sunan ubansa, sau da yawa kuwa ya san uban. Ya je gindin dutsen ya daɗe yana kallon ganuwar da ke sama, ko tsaga babu.

Da la'asar ya sami Barmo a gindin wata kanya yana murza ƙugu. Ya zauna kusa da shi ba tare da an ce ya zauna ba.

"Gurgu, ba zan yi maka ƙarya ba. Da na karɓi takobin nan, so nake in ci dutsen. Na ce ko sau ɗaya a sake buga mini tambari kafin a kai ni rami. Nomau ya san inda zai taɓa, ya kuwa taɓa."

"Na gani," in ji Barmo. Ita ce kalmar da ya fara ce masa tun daga fada.

Jatau ya ce, "Dutsen ba ya ciwuwa. Ko Dambo ya tashi ba zai ci shi da waɗannan yaran ba. Kogi kuwa ka gan shi. In ya cika muna wannan gefe, mutanen dutse ba sai sun sauko ba, yunwa za ta yi musu aikin. Gobe zan mayar da su gida."

Barmo ya tuna masa cewa wanda ya ɗage sansani ba da umarnin Sarki ba, hukuncinsa a Daguma sananne ne, kuma Nomau ba zai bari a manta ba. Jatau ya ce ya sani, amma in aka aika neman izini, kafin manzo ya je ya dawo ruwa ya rufe hanya. Abin da yake so kawai Barmo ya zama shaida, ya gaya wa Sarki abin da idonsa ya gani. Barmo ya ce shi ba shaida ba ne, da shi aka yanke, in za a sare kai a sare biyu. Jatau ya ce wuyan Galadima ya yi kauri, zai ɓata wa hauni takobi. Suka yi dariyar da suka daɗe ba su yi ba.

Gari na wayewa aka fara ƙetarawa. Ruwa ya riga ya kai ƙirji. Aka ɗaure igiyoyi daga gaɓa zuwa gaɓa, aka fara da marasa lafiya, masu ƙarfi na goye da su, Barde Tunau tsaye cikin ruwa yana miƙa su ɗaya bayan ɗaya. Ba a kai rabi ba ƙaho ya yi kuka a kan dutse. Mutanen Kurzuma sun ga sansani ya tashi, sun gangaro. Samari suka fara turereniya a bakin igiya, Barmo kuwa ya san in aka bar su haka kogi zai ci fiye da abin da abokan gaba za su ci.

Hanyar da ta sauko mashigin ta ratsa tsakanin manyan duwatsu biyu. Nan Jatau ya jera tsofaffinsa, garkuwa na taɓa garkuwa, Dandada da 'yan bakansa a baya. Bai yi musu doguwar magana ba. Ya ce ba wanda zai bi abokin gaba, ba wanda zai nemi suna, tsayuwa kawai ake so har yaron ƙarshe ya taka wancan gefe. Barmo ya sauka daga alfadari, da ya ga ƙafar ba za ta riƙe shi ba sai ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya ya kafa gindin mashinsa a ƙasa, dama da Jatau, ɓangaren idon da ya mutu, inda ya saba tsayawa tun suna samari.

Kibau suka fara sauka a kan garkuwoyi kamar ƙanƙara. Sai mutanen dutse suka auko da gatura da kulake, jeren ya lanƙwasa bai karye ba. Suka ja da baya kamar masu gudu, dabarar da ta sha cinye samarin Barde, amma ba tsohon da ya motsa. Suka sake dawowa. Barmo ya ji mashinsa ya shiga wani abu mai taushi, ya ji nishin mutum, tsohuwar ƙyamar nan da ya sani ta taso masa, bai saki ba. A karo na gaba Dandada ya faɗi da gatari a wuya, bakansa a hannu. Waɗansu ma suka faɗi, na kusa ya matso ya toshe gurbin ba tare da an ce masa ba. Jatau na tsaye a tsakiya yana kiran sunayensu ɗaya-ɗaya, har kibiya ta same shi a ƙasan kafaɗa. Ya karya ta ya ci gaba da kira.

Sannan hadarin ya sauko. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, tsirkiyoyin baka suka jiƙe suka saki, ƙasa ta zama taɓo. Mutanen dutse suka tsaya nesa kaɗan suna haki. Rawuna da kwalkwali sun zube, sai a lokacin suka ga da waɗanda suke faɗa, kawuna farare fat. Wani babba a cikinsu ya ɗaga murya ya tambaya ko samarin Daguma sun ƙare ne.

Jatau ya amsa, "Sun tafi shuka. Ku ma ku je ku yi taku."

Mutumin ya dube su. Sai ya saɓa gatarinsa a kafaɗa ya juya, mutanensa suka bi shi. Tsofaffin suka ɗauki gawawwakinsu, suka kama igiya, ruwa na dukan haɓa.

A wancan gefe Barmo ya kwantar da Jatau a ƙarƙashin garkuwa, ya tsaga wurin da wuƙa ya zaro kan kibiyar, ya tsotse dafin yana tofarwa, aka samu wuta da ƙyar ya ƙona bakin raunin. Jatau bai yi ko nishi ba. Sai da aka gama ya ce a hankali, ya yarda, Gurgu ya yi gaskiya. Dandada ya tsira daga yaƙe-yaƙen Dambo duka, ya zo ya mutu saboda ramin tama, ba abin da zai mayar da wannan. Barmo ya dubi samarin da ke zube a gaɓa, jiƙe sharkaf, suna rawar sanyi, amma da ransu.

Ya ce, "Yi shiru, Makaho. Da ba a taɓa koya mana tsayuwa ba, da yau ba ko ɗaya a cikinsu da zai sake ganin uwarsa."

Jatau ya buɗe idonsa ya ce a kira shaidu, Galadima ya yarda da maganarsa. Barmo ya ce bai yarda da komai ba, zazzaɓi ne ke sa shi jin abin da ba a faɗa ba.

Labari ya riga su isa birni, kuma ta bakin Nomau ya shiga kunnen Sarki, cewa Kaura ya karɓi takobi da yaudara, ya watsar da sansani, ya kunyata Daguma a idon mutanen dutse. Da rundunar ta iso ƙofar gari, tana tafe a hankali, Jatau a kan gadon kara da samari ke karɓa-karɓa, sai suka tarar da Sarkin Dogarai tsaye da marin ƙarfe a hannu, fuskarsa kamar zai yi kuka. Ya ce umarni ne. Masu ɗauke da gadon suka sauke shi a tsakiyar hanya suka zauna kewaye da shi. Na bayansu suka zauna. Haka zaman ya bi har ƙarshen runduna, ba wanda ya zare makami. Barmo ya sauka daga alfadari ya miƙa wa Sarkin Dogarai ƙafarsa mai lafiya ya ce ya fara da nan.

Ba a daɗe ba kakaki ya yi kuka, Sarki ya fito da kansa, Nomau na biye. Da fushi ya zo, Barmo ya ga haka tun daga yadda ya riƙe linzami. Amma hanyar zuwa gadon ta bi ta cikin mutanen da ke zaune, dole ya sauka ya taka. Ya ga ƙafafun da kurkunu ya fasa, ya ga haƙarƙari a waje, ya ga Tunau, wanda suka yi wasan ƙasa tare, bai gane shi ba sai da ya yi magana. Kafin ya kai wurin gadon tafiyarsa ta canja.

Barmo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ba da labari tun daga launin ruwa har faɗuwar Dandada, bai ƙara ba bai rage ba, bai kuma ɓoye cewa da shi aka yanke shawarar ba. Nomau ya ce, Allah ya ja zamanin Sarki, ko da duk wannan gaskiya ne, in aka bar mai runduna ya yi gaban kansa yau, gobe wani zai yi, kuma ba don tausayi ba. Barmo ya ji nauyin maganar, ya kuma ga Sarki ya ji.

Sarki ya tsuguna a gefen gadon, abin da ba a taɓa ganin Sarkin Daguma ya yi ba. Ya ce, "Baba Kaura, ka saɓa mini."

"Na saɓa, Zaki. Ga takobinka, ga kuma wuyana. Yaranka dai ga su nan."

Sarki ya ɗauki takobin ya miƙe. Ya ce Sarkin Fada ya yi gaskiya, saɓa wa Sarki ba ya tafiya a banza. Daga yau an tuɓe Jatau, ba shi ba runduna, ba shi ba majalisa, kuma a tsare shi. Sarkin Dogarai ya matso da mari, Sarki ya ɗaga masa hannu ya ce ba da wannan ba. A kai shi cikin gida, ɗakin da Sarki Dambo ya yi jinya, a kira masu magani, kada a bar shi ya fita sai ya iya hawa doki da kansa. Ya juya ga rundunar ya ce kowa ya tafi gonarsa, wanda ba shi da iri a buɗe rumbun fada a ba shi. Guɗa ta tashi daga kan ganuwa inda mata suka taru.

Barmo ya sauke numfashi, ya fara lalubar sandarsa, yana tunanin tabarmarsa da ruwan zafi. Sai ya ji an kira sarautarsa. Sarki na tsaye a gabansa, ya miƙo masa takobin da hannu biyu.

"Baba Galadima, yaƙin nan bai ƙare ba sai an hau dutsen an yi magana. Na ba wanda ke son takobin nan, ya dawo mini da shi. Yanzu zan ba wanda ba ya son sa. Kai ne mai rundunar Daguma. Ka huta, in ruwa ya janye ka koma Kurzuma ka ƙare mini shi yadda ka ga ya dace."

Barmo ya buɗe baki zai ce ya tsufa, zai ce gurgu ne, zai ce duk ƙasar nan ba wanda ya ƙi jinin abin nan kamarsa. Ya dubi fuskar yaron ya ga ba umarni kaɗai ke cikinta ba, har da roƙo. Ya karɓa. Nauyin ya ja hannunsa ƙasa, har bakin kuben ya taɓa taɓo.

An riga an ɗaga gadon za a shiga da shi. Jatau ya sa aka tsaya, ya juyo da kai da ƙyar, yana son yin dariya raunin na hana shi.

"Ɗaga takobin daga ƙasa, Gurgu," in ji shi. "Mutane na kallo."